Ƙullin Ba Modu

A nan Arlit, inda mutum zai yi shekara bai ga ruwan da ya kai masa gwiwa ba, suna ce mini Baba Direban Ruwa. Ƴan kabu-kabu ne suka laƙaba mini, su da ke kawo babura garejina. Idan suna jira in gama musu aiki, ba su da abin yi sai tsokanata.

"Baba Habu, wai shi jirgin ruwa me ke cikin tuƙinsa?" in ji Ila, wanda ya fi su baki. "Ba rami, ba faci, ba jandarma. Ka ja igiya ka zauna kana shan iska."

Nakan yi murmushi in ci gaba da aikina. Shekara da shekaru ban tanka musu ba.

Wata Laraba da hantsi, Nasiru ɗan Tawa ya shigo yana dariya, rawaninsa duk yashi. Akwai wata ƴar hanya da ta bi ta bayan gari zuwa wurin masu haƙar zinariya. Direbobin da suka riga shi sun kafa mata tsofaffin tayoyi a duk inda take rabuwa. Kwanan nan samarin wata tasha suka gano ta, suna kwashe masa fasinja.

"Na hidda su duka," in ji Nasiru. "Taya tara, na binne cikin rairai. Ni na san hanyata da ido. Su kuwa su tai su tambayi raƙumi."

Aka kwashe da dariya. Ni kuwa kile, ƙarfen kwance noti, ya suɓuce daga hannuna. Na ce su ja benci su zauna. Abin da na gaya musu ranar shi ne na rubuta a nan, duk da karatuna bai wuce aji shida ba.

Aikina na farko a jirgi kwasar ruwa ne. Ina da shekara goma sha bakwai na bar ƙauyenmu kusa da Gidimuni, na bi fataken banda zuwa Tafkin Cadi. Can aka haɗa ni da wani Babarbare mai jirgin katako, sunansa Ba Modu. Bai tambayi sunana ba. Ya miƙo mini ƙoƙo, ya nuna mini tsakiyar jirgi. Jirgin katako kullum yana yoyo, komai kwalta da tsumman da ka cusa masa. Shekara guda cur ina sunkuye ina kwasa ina zubarwa. A wannan sunkuyon na koyi jin jirgi da tafin ƙafa. Idan kaya sun karkata, ƙafarka za ta sani kafin idonka.

Bayan ƙoƙo sai gora, doguwar sandar tura jirgi. Gora ita ce idon matuƙi a ƙarƙashin ruwa. Idan ta taɓa yashi za ka ji ɗan ƙara a hannunka. Laka takan riƙe ta, in ka yi gardama da ita sai ta jawo ka ciki. Ruɓaɓɓiyar ciyawa kuwa yaudara ce, za ka zaci ƙasa ce, ka jingina nauyinka, gora ta wuce kai ma ka bi ta. Sau uku na faɗa a wata ɗaya. Ba Modu bai taɓa miƙo mini hannu ba, sai dai ya tsaya yana kallo har in kama gefe.

Sai a shekara ta uku ya bar ni na taɓa inji. Kayan aikinmu ba su da yawa. Buji biyu, masu ba inji wuta, naɗe da tsumma cikin gwangwanin tumatur, ƙusar farfela, igiyar ta da inji ta ajiya, da lauje. Lauje ya fi komai amfani, domin ciyawa takan naɗe farfela sau goma a yini, sai ka kashe inji ka rataya a bayan jirgi kana yanka, ruwa har wuya, ba ka san abin da ke taɓa ƙafarka ba.

Na tuna wani ɗan kasuwa da ya kawo buhunan kanwa ya ce sai an jera su a baya, kusa da inda zai zauna, don kada matan kasuwa su taka masa. Na biye masa saboda ya yi mini magana mai daɗi. Ba mu yi nisa ba bayan jirgi ya fara shan ruwa. Ba Modu ya sa mutumin ya ɗauki buhunan da kansa, ɗaya-ɗaya, ya tsallake matan da kwalayen bandarsu yana ba su haƙuri, su kuwa suna yi masa waƙa. Ni na kwana ban ci tuwo ba. Da safe matarsa Ya Falmata ta aiko mini da kunu a ɓoye. Ita ce ta sa mini suna Habu Mai Ɓarin Shayi, saboda ban taɓa kai wa maigida shayi a jirgi ya isa cike ba.

Abin da ku samari ba ku sani ba, tafkin ba fili ba ne. Mafi yawansa kacala ce, doguwar ciyawar ruwa da ta fi motar ma'aikatan kamfanin haƙar ma'adini tsayi. A cikinta akwai lunguna, wani faɗinsa jirgi ɗaya kawai. Kuma ciyawar ba duka ke da saiwa a ƙasa ba. Wata tana yawo, faɗinta kamar unguwa, iska na tura ta. Lungun da ka shiga da safe, da la'asar ya rufe, wani ya buɗe a inda ba ka sani ba. Gabas da yamma duk kala ɗaya.

Saboda haka matuƙa suke ƙulli. Duk inda hanya ta rabu, sai ka kama kan kacala cike da hannu, ka murɗe, ka ƙulla, ka bar wutsiyar tana nuna hanyar tudu. Wanda ya zo bayanka ya ga ya bushe, sai ya ƙulla sabo kusa da shi. Ba sarki ne ya kafa wannan ba, ba gwamnati ba. Kowa kuma da hannunsa, muna gane na juna kamar yadda kuke gane ƙarar babur ɗin abokinku.

Na Ba Modu ya fi kowane saurin ganewa. Igiyar inji ta taɓa cire masa yatsu biyu a hannun dama, don haka da hagu yake ƙullawa, ya ja da haƙori. Kullum za ka ga cizon a jikin ciyawar, da ɗan gurbi a tsakiya inda ba shi da haƙori ɗaya.

Wata rana wani matuƙi ya ƙwace mana fasinja a bakin gaɓa. Da muka iso ƙullinsa na miƙa hannu zan kwance. Ban ga tahowar filafili ba, sai dai na ji shi a wuyan hannuna. Har yau idan sanyi ya shigo wurin yana yi mini magana.

"Ko na wanda ya kashe ubanka ne, ba a kwancewa," in ji Ba Modu. "Ba don shi aka ƙulla ba. Don wanda ke zuwa ne, kai kuwa ba ka san wa ke zuwa ba."

Shekara tara na yi da shi. Daga nan muguwar shekara ta zo, ruwa ya janye ta ɓangarenmu. Jirage suka zauna a kan laka kamar matattun shanu, mutane suka shuka masara a inda muke jefa gora. Na ji an ce a arewa ana neman masu gyaran inji, na ce inji ai inji ne. Haka na zo Arlit, na shiga garejin motocin da ke kai ma'aikata ramin haƙa. Na yi aure, na haihu. Ruwa ya dawo tafki ban koma ba. Mutuwar Ba Modu ma a bakin wani mai banda na ji ta, a kasuwar nan, bayan ya shekara biyu a ƙasa.

Labarin harin a rediyo muka ji shi, ina kwance ƙarƙashin mota. Ƴan bindiga sun faɗa wa wani tsibiri a tafkin, sun kashe sojoji da mutanen gari. Bayan mako guda wani ajidan na soja da nake gyara wa mota ya tsaya a kaina.

"An ce ka san ruwa. Muna da jirage, matuƙa ne babu."

"Kamar tafin hannuna na san shi," na ce.

Wannan ita ce ƙaryata ta farko. Rabona da tafkin shekara goma sha biyar. Amma na gaji da zama ƙarƙashin motar wasu, ina son a ce da ni wane. Kwana biyar muka yi a bayan kamiyo, babbar motar kaya, Agadas, Damagaram, sannan gabas.

Tafkin da na tarar ba shi ne na bari ba. An riga an ba mutanen tsibirai umarni su fita, don soja ya san duk wanda ya gani a ciki abokin gaba ne. Jirgina yana ɗaukar mutum takwas da bindigoginsu, aikinmu zagaya tsibirai mu duba. Mukan sauka mu tarar da taru a shimfiɗe, kifi ya ruɓe a ciki. Murhun banda da tokarsa. A wani masallacin zana mun ga butoci a jere, kowace da ruwa, kamar yanzu za a kira salla. Karnuka suna bin mu da ido, ba sa haushi. Sau ɗaya da tsakar rana wasu shanu masu manyan ƙahoni suka ratsa gabanmu suna iyo, a jere, babu makiyayi a gaba babu a baya. Na kashe inji har suka wuce. 

Akwai wani soja a jirgina, Agali, Ba'abzine daga Gugaram. Ruwan da ya fi girma da ya taɓa gani a duniya na salka ne. Kullum yana tsakiyar jirgi, hannu biyu a kan katako.

"Direba, wurin nan ba shi da kirki," yakan ce. "A wurinmu ko aljani ya wuce yana barin sawu. Nan mutum ɗari su wuce, ruwa ya rufe bakinsa."

Ni kuwa ban san komai a wurin ba. Lungunan da na sani duk sun tafi. Da ƙulle-ƙullen da mutane suka bari nake tuƙi, sojoji suna yaba mini, wai ina da ido.

Wata safiya aka harbe mu daga cikin kacala, ba nisa da sansani. Harsashi ya huda gefen jirgi, Allah ya sa bai taɓa kowa ba. Da muka koma, Ajidan ya kira ni gefe.

"Yaya suke gane hanya har ƙofarmu cikin wannan ciyawa?"

Na nuna masa ƙulli, na yi masa bayani. Sai na ƙara abin da ba a tambaye ni ba. Na ce idan muka yanke su, ba wanda zai iya shigowa sai wanda ya riƙe hanya a ka, kuma ni yanzu na riƙe.

Ajidan mutum ne mai hankali. Ya ce, "Ban da su, akwai wanda ke bin ƙullin nan?"

Kwana biyu kafin nan, da azahar, na kashe inji ina cire ciyawa daga farfela. Kunnena yana dab da ruwa, shi kuwa ruwa yana ɗauko sauti daga nesa. Na ji daka. Taɓarya a turmi, a hankali, irin dakan wadda ƙarfinta ya ƙare. Ƴan bindiga ba sa daka. Na ji da kunnena, kuma na tuna da shi a lokacin da Ajidan yake kallona.

"Duk sun fita," na ce.

Kwana uku ina yanka. Da laujen farfela, ina tsaye a goshin jirgi, wani soja na tuƙa mini a hankali. Na yanke na Budumawa, na Barebari, na Hausawa, sabo da tsoho. Cikin jirgi ya cika da su. Da suka bushe, sojoji suka riƙa hura wutar shayi da su. Agali kaɗai ya ƙi sha.

"A hamada," in ji shi, "wanda ya rushe duwatsun hanya, ba a cin abinci da shi." Bai sake ce mini Direba ba. Bai sake ce mini komai ba.

A rana ta tara da fara yankan, iska ta juya. Mun fita sintiri da safe, da za mu dawo na tarar da bango na ciyawa a inda hanya take. Na ce ba komai, akwai wata. Na shiga hagu, na shiga dama. Da la'asar wani soja ya jefa gwangwanin sardin a ruwa, kafin magariba mun wuce gwangwanin nan sau biyu. Rediyonmu yana kaiwa sansani, amma me za ka ce musu? Muna cikin ciyawa? Su ma abin da suke gani ke nan. A can muka kwana, sauro ya ci rabonsa.

Washegari man inji, esansi, saura rabin bido, jarkar da muke zuba shi. Ajidan ya ce a kashe inji, na koma gora. Rana ta take, babu iska ko kaɗan, ko tsuntsu ba ya kuka. Ba ka jin komai sai ɗigar ruwa daga gora. Wajen azahar Agali ya taɓa ƙafata da bakin bindiga, ya nuna da haɓa.

Ƙulli ne. Ɗanye shar.

Na jawo jirgi kusa na kama shi. Murɗin hagu ne. Ruwan ciyawar bai bushe ba, ya manne mini a yatsa. A jikinsa ga cizo, da gurbin haƙori ɗaya a tsakiya.

"Tarko ne?" in ji Ajidan.

"A'a."

"Ka san mai shi?"

"Na san shi."

"Yana ina?"

Na saki ƙullin na ɗauki gora. Wutsiyar ƙullin ba tudu take nunawa ba, ko ni da na ɓace na san haka, don rana tana bayanmu. Cikin tafki take nunawa. Amma ba ni da wata hanya, na bi. A mararraba ta gaba ga wani. Sannan wani. Bakwai na ƙirga, kowane ɗanye, kowane da cizo. Sojoji suka daina kallon ciyawa suka koma kallona.

Wari ne ya fara iso mana. Sai kacala ta buɗe, ga wani ɗan fili na ruwa kamar tsakar gida, a tsakiyarsa babban jirgin katako. An kafa tabarmi don inuwa. A goshinsa ga turmi a kife.

Mutum goma sha uku ne a ciki. Huɗu an lulluɓe su da zane a baya. Sauran mata ne da yara, suna kallonmu kamar karnukan tsibiran nan, ba mai motsi. Daga baya muka ji yadda aka yi. Ba su fita da sauran mutane ba saboda wata mai ciki da ta kusa. Da ta haihu suka taso, da wani tsoho yana tura musu gora. Suka zo mararrabar farko, babu ƙulli. Ta biyu, babu. Gora ta karye a laka. Kwana takwas suna wurin. Hatsi ya ƙare, gudawa ta shiga. Tsohon yana cikin na zanen, da mai jegon, da jaririnta, da wata yarinya.

Na tsallaka da bidon ruwa mai tsabta. Wata tsohuwa da ke jingine da buhu ta sha, ta ɗaga kai, ta daɗe tana kallona.

"Habu," ta ce. "Mai Ɓarin Shayi."

Ya Falmata ce. Na durƙusa. Ta shafa kaina kamar jiya muka rabu.

"Ya, wa ya ƙulla ciyawar nan da muka biyo? Ke ce kika koya a wurin Ba?"

"Wace ciyawa? Ba wanda ya sauka daga jirgin nan." Ta buɗe baki ta nuna mini, dasashi ne kawai. "Da wane haƙori, ɗana?"

Sai ta riƙe wuyan hannuna, daidai inda filafili ya taɓa sauka.

"Habu, kai ɗan ruwa ne. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin tafki babu ƙulli ba. Mun ga wurin yankan, da lauje aka yi. Wane ne ya yanke?"

Ajidan yana tsaye a bayana. Agali yana riƙe da gefen jiragen biyu don kada su rabu. Laujen yana soke a ƙuguna.

"Mutanen daji ne, Ya, ƴan bindigan nan," na ce.

Ta ɗaga hannu ta yi musu mugun baki. Sannan ta juyo ta sa mini albarka, doguwa, da Barbarci da Hausa, ta ce Allah ya aiko mata da ɗan mijinta. Matan suka ce amin. Ajidan ya juya baya yana duba rediyo. Agali ya tofar da yawu a ruwa.

Muka ɗaura jirginsu a bayan namu. A ɗaya gefen filin ga ƙulli, wannan karon wutsiyarsa tana nuna tudu. Biyar muka bi, na ta da inji, esansin ya ƙare muna hango tutar sansani. Bayan kwana biyu na koma da kaina in sake ganin ƙulle-ƙullen, ban sami ko ɗaya ba. Mai yiwuwa ciyawar ce ta yi gaba da su. Mai yiwuwa wani almajirin Ba Modu ne da ya ɗauki hannunsa, yana ɓoye a ciki, yana tsoron fitowa gaban soja. Na gaya wa kaina wannan sau da yawa. Gurbin haƙorin ne ban sami inda zan ajiye shi ba.

Sauran watannin da na yi a can, duk mararrabar da na wuce sai na ƙulla. Ba wanda ya hana ni. Da zan taho aka ba ni takarda mai hatimi, wai na ceci mutum tara. Tana ƙasan akwatin tsofaffin buji. Kowace shekara nakan ce zan je sansanin ƴan gudun hijira in sami Ya Falmata in gaya mata. A shekara ta uku aka ce mini ta rasu. Agali yana garin nan, ya bar soja, yana sayar da awaki. Idan mun haɗu a masallaci yakan amsa sallamata, shi ke nan.

Nan na kai ƙarshen labarin. Ila ya buɗe baki zai yi wasa, ya fasa.

Nasiru yana wasa da makullin babur. "To ai Baba, hamada ba ruwa ba ce. Mutum na ganin gabansa."

"Yaushe ka cire su?"

"Shekaranjiya."

"Wa ya bi hanyar tun daga nan?"

"Ina zan sani?"

"To."

Nasiru ya damƙe makullin. Sannan ya tashi ya buga babur. Na rufe gareji, na ɗaura bido biyu na ruwa da shebur, na hau bayansa. Ila da wasu biyu suka biyo mu.

Aikin ba wuya, sai zafi. Nasiru ya nuna inda ya binne, a tone, a mirgino taya, a kafa ta, a cika cikinta da duwatsu. Mun kafa biyar. A wuri na shida Nasiru bai sauka ba. Ni ban iya karanta yashi ba, shi ya iya.

"Mota ta zo nan," in ji shi. "Ta zagaya sau biyu. Ta yi arewa."

"Me ke arewa?"

"Ba komai, Baba."

Muka bi sawun. Wani wuri iska ta share shi, sai samarin su bazu su nemo. Mun fi awa guda kafin Ila ya hango wani abu yana ƙyalli. Ƙaramar motar kaya ce, ta nutse a rairayi har ciki. An ɗaura bargo a gefenta, mutum huɗu a ƙarƙashi. Sun shanye har ruwan inji. Amma da muka yi sallama, duka huɗun suka amsa.

Direban dattijo ne, mutumin Maraɗi. Ya sha ruwa kaɗan-kaɗan kamar yadda na ce masa, ya jiƙa rawani ya ɗora a ka. Da muryarsa ta dawo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Shekara shida ina bin hanyar nan. Ban taɓa rasa tayar nan ba. Wane marar tsoron Allah ne ya taɓa ta?"

Nasiru ya waigo ya kalle ni. Na san abin da ke kan harshensa, don ya fi komai sauƙi. Iska ce ta binne. Kowa zai yarda, a hamada iska tana binne mota ma. Na sunkuyar da kai. Ba ni da bakin da zan ce masa komai.

Ya sauke rawanin daga bakinsa.

"Ni ne, Baba. Ni na hidda su."

Dattijon ya miƙe da ƙyar, ya zo gabansa, ya kwaɗa masa mari. Nasiru bai kare ba. Ya sake ɗaga hannu, sai hannun ya tsaya a sama, ya sauke, ya zauna a ƙasa yana haki.

"Ɗauko shebur ɗin," ya ce. "Ka tone mini mota."

Suka duƙufa su duka, har fasinjojin. Ni ƙarfina ba na tono ba ne yanzu. Na koma gefe na zauna kusa da wata busasshiyar ciyawa, irin wadda raƙuma ke ci. Hannuna ya kama ta da kansa, da hagu, na murɗe, na ƙulla, na sunkuya na ja da haƙori. Ɗaci gare ta. Na juya wutsiyar ta nuna Arlit.

"Ya Falmata," na ce, "ni ne."

Ila ya ɗago daga bayan mota, shebur a hannu. "Baba, da wa kake magana?"

"Yi tononka," na ce. "Saura taya huɗu, kuma rana tana tafiya."